Tsagar da Waya Ta Goge

Tun safe kuke zaune a kan bencina kuna cajin waya da wutar shagona, to yau sai ku biya ni da kunnuwanku. Kai Bashiru, kai ne ka ce aikin hoto ya ƙare, wai ko akuya aka ba waya mai ido uku za ta ɗauka. Na ji ka sarai, duk da ka yi ƙasa da murya. Ba zan yi musu da kai ba, don wayar da ke hannunka ta fi 'yar kyamarar nan da ke wuyana ta fuskoki da dama, kuma da bakina zan faɗa maka su. Amma akwai fuskar wani dattijo na Diggi, Malam Dikko, da ta kusa ɓacewa daga duniya ƙaf saboda irin wayar nan taka. Labarinta zan ba ku. Sai dai ku bari in fara daga inda na koyi aikin, in ba haka ba ba za ku gane ba.

A Kalgo na koyi sana'a, wurin wani mutumin Zuru mai suna Malam Bulus, wanda ya zo koyarwa a firamare ya ƙare da buɗe shagon hoto. Ranar farko ya rataya mini wata 'yar baƙar kyamara, ya ce in shiga kasuwa in yi ta ɗaukar mutane. Na wuni ina dannawa, ƙas, ƙas, ina tafiya ina buɗa kafaɗa. Masu kifi suna gyara tsayuwa, wani mai albasa har hula ya aro. Da la'asar na dawo na ce a cire fim a kai wanki. Malam Bulus ya buɗe bayan kyamara, sai ga ta wayam, babu komai a ciki.

"Wata guda za ka yi a haka, Ummaru," in ji shi. "Fim ba abin wasa ba ne. Ka fara koyon kallo tukuna."

Kullum da yamma sai ya titsiye ni. Wa ka ɗauka yau? Rana tana gabansa ko bayansa? Me ke bayan kansa? In na ce ban lura ba, sai ya ce to ka dasa wa bawan Allah turken wuta a tsakiyar ka. Shi kuwa mai albasan nan sai da ya shekara yana tare ni a hanya yana tambayar hotonsa.

Da aka fara ba ni fim na gaske, ɗauka talatin da shida ne a ciki, kuma in ka danna ka danna ke nan. Babu dubawa, babu gogewa. Sai an kai Birnin Kebbi an wanko, bayan kwana uku ko huɗu, sannan za ka ga ɓarnar da ka yi. A wani ɗaurin aure a Dodoru na ɗauki ango sau huɗu, duka huɗun idonsa a rufe, kamar mai gyangyaɗi a wurin wa'azi. Daga nan na koyi in ce wa mutum zan danna in na ƙirga uku, sai in danna a biyu. Na kuma koyi cewa mutumin ƙasar nan in ya sa farar babbar riga ya tsaya a tsakar rana, kyamara rigar take gani ta manta da mai ita, fuska ta fito baƙi ƙirin. Sai ka ja shi inuwar darbejiya, ka juya shi haske ya zo masa ta gefe, ka kunna filas, wato fitilar kyamara, da rana tsaka mutane suna yi maka dariya. Hasken gefen nan shi ke fito da abin da ke fuskar mutum, musamman mu nan da dattawanmu ke da tsagar gado a kumatu.

Akwai doka ɗaya da Malam Bulus bai taɓa sassauta mini ba. In mutum ya ƙi hotonsa, ba a yagawa, ba a zubarwa.

"In wani ya tsinci rabin fuskarsa a bola," ya ce, "ba zai ce hoto ne ya lalace ba. Cewa zai yi mai hoto ya yi masa asiri. Ka samu gwangwani ka riƙa ajiyewa."

Shi ya sa tun daga lokacin nake da gwangwanayen biskit cike da fuskokin da masu su ba sa so.

Bayan na dawo gida Gwandu na buɗe shagon nan, sai kyamara mai memori ta shigo, na sayi wannan da kuke gani. Ku dube ta da kyau, ba ta kai tafin hannu ba. In na kunna ta, idonta yakan miƙo waje, kuma gilashi ne na gaske yake motsi a ciki. Ina tsaye a bakin fili zan janyo ɗan kokawa har in ga gumin goshinsa. Ku kuwa in kun janyo nesa da yatsu biyu, abin da waya ba ta gani ba sai ta ƙago shi ta cike gurbin. Batirinta daban ne, in ya mutu in sa wani daga aljihu. Kuma ba a taɓa kirana a cikinta ana tambayar kuɗin cefane daidai lokacin da liman ke shafa fatiha ba. Shekarun nan na ci kasuwa, ba ƙarya. Ranar salla layi har bakin titi, kowa yana so ya tsaya gaban labulena mai zanen jirgin sama da gidan bene.

To ga gaskiyar da na yi muku alkawari. Waya kullum tana aljihu, ni kuwa sai an aiko an kira ni. Tana gani a ɗaki mai duhu ba tare da ta kashe wa jariri ido da filas ba. Kafin a gama feɗe ragon suna hoto ya isa Legas. Babban abin ma, waya tana shiga cikin gida. Ni namiji ne, iyakata zaure. Shekara da shekaru ina taƙama na ɗauki garin nan kaf, ashe rabinsa ban taɓa gani ba. Yau mata suna ɗaukar junansu a tsakar gida, tsohuwa tana tankaɗe, yarinya tana kitso, kuma wallahi wasu hotunan nasu sun fi nawa rai.

Aikin da ya nuna mini ƙasa ta fara zamewa a ƙafata, wani suna ne a Diggi. Malam Dikko manomin shinkafa ne, Bakabe, tsagarsa jere reras daga gefen kunne har bakin leɓe, dama da hagu. Tun ina yaron shago a Kalgo ya san ni, shi ya sa da aka haifa wa ɗansa Nasiru ɗan fari, ya ce Ummaru za a kira. Nasiru ma'aikaci ne a Birnin Kebbi, kuma a satin nan ya sayi sabuwar waya mai ido uku, ko ledar bayanta bai ɓare ba. Ni ina ɗauka, shi yana ɗauka ta bayan kafaɗata. Da aka watse na ja tsohon zuwa gindin wata bishiya, na zaunar da shi a kan turmi, na juya shi haske ya sauka a kumatunsa na hagu. Sau ɗaya na danna, na kuma san na samu.

Bayan mako na koma da hotuna a cikin ambulan. Ana zaune a ƙofar gida, mutum kusan goma. Malam Dikko ya karɓi nasa ya ƙura masa ido. Sai Nasiru ya miƙo waya ya ce, "Baba, ga nawa kuma." Na leƙa. Jama'a, wani saurayi na gani sanye da hular Malam Dikko. Fata ta yi haske, goshi ya miƙe, kumatu sumul, tsagar nan duk ta narke sai wata 'yar inuwa da ba ka ce ga ta ba. Tsoho ya dubi wannan, ya dubi wancan, sai ya fashe da dariya har da buga cinya.

"Ummaru, aikinka ya yi, amma ka tsohe da ni ƙwarai! Dubi na Nasiru, ango sak. In niz zaga kasuwa da wanga, sai an ba ni mata."

Na ce, "Malam, ai nawa shi na kai."

"Awo, na sani. Shi as sa ban so nai. Riƙe abinka, ka ba ɓeraye tsoro da shi."

Aka yi ta dariya, ni ma na taya su, don ba yadda zan yi. Amma raina ya ɓaci ranar, ba zan ɓoye muku ba. Hoto mafi kyau da na ɗauka a shekarar, an mayar mini da shi a gaban mutane. Na hau babur na dawo Gwandu, na jefa shi a gwangwani ban ko sake kallonsa ba.

Shekarar ce ta zama mini baƙar shekara. Da salla ta zo na share gaban shago, na rataya labule, na cika batir biyu. Yara suka zo kam, suka tsaya gaban jirgin samana suka ɗauki kansu da wayoyinsu, suka ce mini barka da salla, suka wuce. Ƙawayen wata amarya suka aiko a faɗa mini kada in zo, wai kyamarata ba ta son mutane, tana baƙanta su. Wani ɗan siyasa ya dawo mini da hoton fasta ya ce na fito masa da ƙurajen aski, kamar ni na dasa su. Damina ta shigo, rufin shago ya fara yoyo, na kwashe gwangwanaye na kai gida na jibge a ɗakin ajiya, na rufe shago na tafi noman gero a Maruda. Da na dawo sai na bi zamani. Na sayi firinta, na zauna ina wanke wa mutane hotunan da suka ɗauka da wayoyinsu, ina sa musu a firam. Wato ni da na yi wata guda ina koyon kallo, na koma ɗan aiken waya.

Shekara uku bayan sunan nan, Allah ya yi wa Malam Dikko rasuwa. Bayan sadakar arba'in Nasiru ya zo nan, ya zauna daidai inda kake zaune, Bashiru. Ya turo mini hoton nan na waya da mahaifinsa ya fito kamar ango, ya ce in wanke babba in sa a firam, za a kai wa Goggo Balki. Ita ce yayar marigayin, uwa ɗaya uba ɗaya, tsohuwa tukuf, a gidansa take zaune tun da mijinta ya rasu. Na wanke, na sa firam mai ruwan zinare. Mai kaya ya ce ga abin da yake so, ni mene ne nawa?

Kwana goma sai ga Nasiru ya dawo, firam a hammata, fuska ba walwala.

"Baba Ummaru, Goggo ta ƙi karɓa."

Na ce, "Firam ɗin ne bai yi mata ba?"

"Ina fa. Kallo ɗaya ta yi masa ta ce, wanga ɗan Larabawa daga ina? Muka ce Baba ne. Ta ce mu fitar mata da baƙo daga ɗaki."

Ya ce sun bi wayoyin gidan ɗaya bayan ɗaya. Duk wani hoton tsohon da ake da shi daga wayarsa ya fito, shi ya rarraba wa kowa, kuma duka haka suke, sumul. Na katin shaida kuwa ɗan mitsitsi ne, ya dusashe, ko hanci ba a rabewa da baki. Da abin ya ishe shi sai ya kai hoton wurin wasu samari masu kwamfuta a Birnin Kebbi, suka zana wa marigayin tsaga sabuwa fil, layi-layi kamar an sa rula. Ya kai wa Goggo yana murna. Ta kawo shi dab da idonta, ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce tsagar ta yi kyau, amma ba ta Dikko ba ce.

Nasiru ya ce, "Na ce ta faɗa mini inda aka yi kuskure a gyara, ta ce ɗan da bai san fuskar ubansa ba, ba ita za ta koya masa ba." Ya ƙara da cewa, "Kuma gaskiyarta ne. Shekara talatin da wani abu ina kallon mahaifina, wallahi yau ba zan iya faɗa maka yadda tsagarsa take ba. Abin da ya fi damuna, jiya ta ce wa matata in ta rufe ido yanzu, farin yaron nan na cikin firam ne yake zo mata, Dikko ya fara ƙin zuwa. Ko abincin kirki ba ta ci."

Nan na tuna da turmi da gindin bishiya. Amma ban faɗa masa ba, don ban san ko hoton yana nan ba. Memorin da na ɗauka da shi na goge shi tun a satin, guda biyu gare ni a lokacin, in na wanke aiki sai in share in sa wani. Saura takarda ɗaya tak, in yoyo da gara sun bar ta. Na ce ya ba ni kwana biyu.

Gwangwani bakwai na sauke daga ɗakin ajiya. Biyu ruwa ya shiga, hotuna sun manne sun zama dunƙule guda. Ɗaya gara ta ci ta bar mini ƙasa. Na zauna a tabarma ina ɓare fuskokin mutane ɗaya bayan ɗaya: angon Dodoru mai barci, ɗan siyasa mai ƙuraje, 'yan matan da suka ce na baƙanta su, yanzu duk da 'ya'yansu. A gwangwani na shida na same shi, manne a bayan hoton wata ƙungiyar ƙwallo. Na turara shi a hankali da tururin buta har ya saki. Gefe ɗaya ya ci ruwa, hular ta ɗan goge, amma fuskar tana nan yadda na bar ta.

Da hantsi muka isa Diggi ni da Nasiru. Saboda shekarunta da nawa aka ce in shigo, karo na farko da na wuce zauren gidan. Goggo Balki tana zaune a ƙofar ɗakinta a kan buzu, ta rame ƙwarai. Na durƙusa na gaishe ta, na yi mata ta'aziyya, na miƙa mata takardar ba firam ba komai.

Ta kawo ta kusa da ido. Sai ta ɗora ɗan yatsa a kumatun hagu, ta fara bin tsagar ɗaya bayan ɗaya daga sama. Da ta zo wata a tsakiya sai yatsan ya tsaya. Na matsa na duba. Sauran duk sun tafi a miƙe, wannan kuwa ta yi rabin hanya ta karkace ta yi ƙasa. Ni da na ɗauki hoton ban taɓa lura da ita ba.

"Ga ta," in ji Goggo. "Wagga tawa ta."

Nasiru ya ce, "Taki kamar yaya, Goggo?"

"Ranar da wanzami yaz zo yi mai tsaga, ina 'yar shekara shida. Nij ji jinjiri na ihu, nis sheƙo nir riƙe hannun wanzami, wai in ƙwaci ƙanena. Aska ta goce. Na sha kashi ranar, ba kaɗan ba." Ta yi 'yar dariya, hawaye na bin fuskarta. "Har munka tsuhwa, in munka yi hwaɗa sai shi nuna min ita, shi ce Balki, ke kinka ɓata min huska, kada ki ƙara min da wani. Dikko ke nan. Sannu da zuwa, Dikko."

Ta ce a kawo mata fura. Matar Nasiru ta tashi da gudu.

Nasiru ya share ido, ya ce bari ya ɗauki hoton ya tura wa 'yan'uwa na nesa. Ya karɓa ya shimfiɗa a kan tabarma, ya saita wayarsa, ya danna. Ya duba, sai na ga fuskarsa ta canza. Ya juyo mini da wayar. Ta gano fuskar mutum a jikin takarda, ta sake yi mata aikinta. Tsagar ta narke, ta Goggo ma ta tafi, ango ya dawo.

Na ce, "Kawo nan." Na shiga cikin kyamarar wayar na nuna masa wani ɗan maɓalli mai alamar fuska da tauraro, abin da kuke ce wa filta. A kunne yake tun daga kamfani, kuma shekara uku bai taɓa sanin ana kashe shi ba. Na kashe, na ja tabarmar zuwa inda haske ke zuwa ta gefe, na ce ya sake. Ya danna. Malam Dikko ya fito da tsagarsa duka, har da karkatacciyar, tas, kusan ya fi na takardar. Kafin Goggo ta gama shan furarta, ƙanenta ya isa Legas da Kaduna. Wannan kam 'yar kyamarata ba za ta iya ba ko za ta shekara tana ƙoƙari.

Takardar tana wurin Goggo, ta naɗe ta a ƙyalle ta sa ƙarƙashin matashi. Firam mai ruwan zinare kuwa Nasiru ya bar mini shi, ga shi can bayan firinta. Bai shiga gwangwani ba saboda girmansa, kuma kun san ba na yagawa.

Yanzu wanzamai sun daina tsaga, ku kanku ba wanda ke da ita a cikinku. In waɗannan tsofaffin suka tafi, abin da aka ɗauka shi ke nan abin da ya rage. Bashiru, cire wayarka daga caji ka miƙo. Na san mahaifinka, Bakabe ne, ni na yi masa fasfo lokacin da zai tafi aikin hajji. Nuna mini hotonsa na sallar bana. Yauwa. To dube shi da kyau, ka faɗa mini, wane ne wannan? Ga maɓallin nan, a kunne yake, na kashe maka. Tsohonka yana Maruda da ransa, babur ɗinka ga shi nan a ƙofar shago. Ka zaunar da shi a inuwa, haske ya zo ta gefe. Tashi mini daga benci.